Gwanayen Kazar Kwanci a Affala

A Affala, arewa da garin Tawa, damina ba ta daɗewa. Ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, kafin Satumba ta ƙare ya ɗauke, sauran shekara kuwa rana ce da iska. Da zarar gero ya shiga rumbu, maza da yawa na wannan yanki na Adar sai su kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya, gida ya koma hannun mata. A irin wannan gida kaza ita ce kuɗin magani ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce abin yanka wa baƙo, ita ce sabulu da gishiri. Duk wannan rufin asiri kuwa daga gurbi yake fitowa, inda kaza ta kwanta kan ƙwai. Shi ya sa a wurina matar da ta iya sa wa kaza ƙwai gwana ce ta sosai, sana'arta ba ta gaza ta maƙeri ko majemi ba, ko da yake ba wanda ke yi mata kirari.

Mai kallo daga nesa cewa zai yi ai kaza ce ke yin aikin. Gaskiya ne, ita ke ba da zafi, kusan digiri 38 dare da rana. Ita ke fige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan, ita ke juya su da baki sau da yawa a yini don kada ɗan da ke ciki ya manne wa ɓawo. Amma a bar ta da dabararta a gani: za ta kwanta kan ƙwai ashirin da ba ta iya rufewa, a wurin da rana ke duka, wata kazar ta zo ta ƙara mata sabo, a ƙarshe a tashi da 'yan tsaki huɗu da tarin bara-gurbi. Tazarar da ke tsakanin huɗu da goma, hannun uwar gida ne.

Abu na farko shi ne gane kwanci na gaskiya. Kazar da ta shiga kwanci muryarta kan sauya, ta daina kyarkyarar bayan saka ƙwai, ta koma wani gunaguni ƙasa-ƙasa. In ka kai hannu sai ta buɗe gashi ta kumbura ta sare ka. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce kwana: in magariba ta yi 'yan uwanta sun shige akurki ita tana nan a gurbi, to ta yi niyya. Duk da haka gwanaye ba sa gaggawa. Sukan bar mata ƙwai biyu ko uku na gwaji har kwana biyu, musamman in sagara ce da ba ta taɓa ƙyanƙyasa ba, don sagara kan kwanta mako guda ta tashi abinta. Tsohuwar kaza da aka san halinta ba a sayar da ita sai dole ta kai dole.

Sai zaɓen ƙwai. Ba a sa mai tsagu, ba a sa ƙarami ainun ko babba ainun, ba a wanke shi, domin wanki na cire wani siririn rufi da ke hana ƙazanta shiga ta ƙofofin ɓawo. Ƙwan da ya wuce mako guda zuwa kwana goma a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, a zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da Tawa ke haura digiri 40, ko hakan ba ya kaiwa, domin ɗan kan fara girma tun a cikin ƙwarya ya mutu kafin ya ga uwa. Maganin da mata suka samo mai sauƙi ne: su jera ƙwan cikin rairayi mai sanyi a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a ɗaki. Ranar sawa kuma a ɗauki gawayi a yi wa kowane ƙwai zane. Duk wanda aka tarar a gurbi babu zane, baƙo ne, a ɗauke shi a kai madafa, don ba zai ƙyanƙyashe tare da sauran ba.

Gurbin kansa akwai ilimi a cikinsa. Fasasshiyar tukunya ko tsohon kwano, a ƙarƙashin rumbu ko a lungun ɗaki, a zuba rairayi, a barbaɗa toka, a shimfiɗa ɗan ƙaiƙayi ko tsumma. Tokar don ƙuma ce, domin ƙuma ce babbar mai tayar da kaza daga kwanci: ta sha jininta dare bayan dare har ta gaji ta gudu ta bar ƙwan su huce. Yawan ƙwai kuwa gwargwadon jikin kaza ne. Kajinmu na gida ƙanana ne, takwas zuwa goma sha biyu sun ishe su. Na ji wata dattijuwa tana yi wa amaryar ɗanta bayani, amaryar ta zuba sha biyar don kwaɗayi. Ta ce, “Ɗiyata, durƙusa ki duba. Kin ga farin ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike?” Amarya ta ce, “Na gani, Inna.” Ta ce, “To wannan da kika gani yau shi ke waje, gobe ta juya wani ya fito, jibi wani. Haka sanyi zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Rage uku.” Kuma da dare ake sa ƙwan, lokacin da kaza ba ta gani sosai, ba ta gardama.

Daga nan sai ƙirga kwana 21. Kaza kan sauka sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi wankan ƙasa, ta koma. Gwana takan ajiye mata hatsi da kaskon ruwa kusa, amma ba a cikin gurbi ba, don dole ta tashi ta miƙe ƙafa, ƙwan ma su sha iska. A lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, akan yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da gurbin a kwanakin ƙarshe. Dalili shi ne in bushewa ta yi yawa, fatar da ke cikin ɓawo kan yi tauri ta naɗe ɗan tsako ya kasa fitowa.

Tocilar wayar hannu ta ƙara wa wannan sana'a ido. Bayan mako guda zuwa kwana goma, a shiga ɗaki mai duhu, a dunƙule hannu a kan fitila, a ɗora ƙwai a kai. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu daga wani ɗigo baƙi, wani lokaci har ka ga ɗigon ya motsa. Wanda zakara bai taka ba fayau yake, haske ya ratsa shi. Shi ake cirewa tun kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.

Inda gwanintar ta kai ƙololuwa shi ne ƙwan zabi. Zabuwa da damina take saka ƙwai, kuma tana sakawa da yawa, amma ba a dogara da ita wajen reno: a daji take ɓoye gurbi, in ta ƙyanƙyashe ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Saboda haka kaza ake ba riƙo. Sai dai ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, mako guda ke nan a kan abin da kaza ta saba. Dole a zaɓi kaza mai jiki da haƙuri, a kuma sa mata su tun ranar da ta fara kwanci, don in ta riga ta cinye kwana goma kan ƙwan gwaji ba za ta kai ba. Wasu matan sukan yi wani lissafi da ke burge ni ƙwarai: su fara sa ƙwan zabi, bayan mako guda su ƙara ƙwan kaza biyu ko uku, duka su fashe rana ɗaya. 'Yan tsakin su ke saurin amsa kiran uwa, 'yan zabin su bi su, su koyi ci, su koyi dawowa gida da yamma. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana riƙe da ƙirga biyu a ka, da Juma'o'i take lissafinta, kuma ba ya kuskure.

Ranar ƙyanƙyasa kuwa aikin shi ne kame hannu. Tun kwana ɗaya kafin ɓawo ya fashe ana jin kukan 'yan tsaki daga ciki, uwar tana amsa musu. Ɗan tsako kan huda ɓawo ya huta sa'o'i da dama kafin ya ƙarasa, kuma a wannan hutun ne yake janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Mai gaggawar ɓare masa ɓawo jini zai tarar. Wannan gwaiduwar ce guzurinsa na kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ba a damuwa in bai ci komai ba ranar farko. Bayan haka sai tsakin gero da dusa, da gara ga 'yan zabi, da ruwa a kasko marar zurfi da aka jefa wa tsakuwa don kada su faɗa. Makonnin farko ana kife su da kwando da safe har raɓa ta bushe, ana kuma sa yara su sa ido a sama, don kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Akwai masu ganin duk wannan tsohon yayi ne, tunda kazar gida ƙwai 40 zuwa 50 take yi a shekara, ta gidan gona kuwa tana haura 250. Abin da suke mantawa shi ne an cire wa kazar gidan gona halin kwanci da gangan, ta hanyar zaɓen iri, don kada ta daina saka ƙwai. Ba ta haifar da magajinta sai da injin ƙyanƙyasa, shi kuma injin yana son wutar da ba ta yankewa har mako uku. A ƙauyen Adar kazar gida ce injin, kuma tana ciyar da kanta a bayan danga.

Abin da ya fi ƙarfin gwanintar matan nan guda ɗaya ne: annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wadda kan shigo da sanyin hunturu ta share akurki cikin 'yan kwanaki, har da tsohuwar kazar da aka yi shekaru ana tattalinta. Toka ba ta maganinta, jiƙo ma haka. Tana da rigakafi, mai araha ne, kuma kafin sanyi ya shigo ake yin sa. Ina roƙon ma'aikatan kiwo da duk mai niyyar taimakon matan Affala da kewaye, kafin a kawo musu baƙin kaji, a fara kai musu wannan rigakafin a kan lokaci, gida-gida, kowace shekara.