Yaron Da Dickens Ya Jefa A Jirgi Ya Manta

Duk lokacin da muka karanta wa ɗalibai Oliver Twist, babu inda aji yake fashewa da dariya kamar wurin da aka gurfanar da Jack Dawkins, wato Dodger, gaban alƙali a kan satar battar taba ta azurfa. Yaro ne ɗan ƙarami cikin rigar manya, yana yi wa kotu tsiwa. Mu ma mun sha darawa. Amma daga bakin Fagin mun riga mun ji abin da ke jiransa: za a kora shi ƙetaren teku, ba dawowa.

To, ina Charles Dickens ya kai shi? Babu. Daga wannan babi sai ya ɓace.

Lokacin da labarin yake fitowa kashi-kashi, daga 1837 zuwa 1839, irin waɗannan yara suna da masauki sananne. A 1834 Turawan Ingila suka buɗe kurkukun yara na Point Puer kusa da Port Arthur, a tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya. Kafin a rufe shi, yara maza wajen 3,000 suka ratsa ta cikinsa, bayan watanni a teku. Ana koya musu ɗinkin takalma da kafinta da sassaƙar dutse, ana kuma yi musu bulala da kulle su a ɗaki su kaɗai. Daga 1788 zuwa 1868 fursunoni sama da 160,000 aka kwasa zuwa Ostiraliya, manya da yara.

Ƙorafinmu ga Dickens a nan yake. Oliver ya tsira domin ashe ɗan gidan mutunci ne, har da gado yana jiransa. Dodger kuwa ba shi da kowa, shi ya sa aka yi raha da shi aka sallame shi. Marubucin da ya nuna mana yunwar gidan marayu dalla-dalla, da wuya a ce bai san inda jiragen suke zuwa ba.

Sai a 1874, cikin His Natural Life, Marcus Clarke ya shigar da mai karatu Point Puer, inda yara biyu suka gwammace su faɗa teku daga kan dutse. Wasu za su ce Clarke ya cika matsa wa mai karatu ya yi kuka, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka shi ya bi yaran har can.