Madubin da Ke Kama Hasken Eksire

Duk mutumin Andarai da ya taɓa raka mai karaya asibiti, kafin a wuce da shi wurin masu ɗori na Aliero, ya san eksire, hasken nan da ke ratsa tsoka ya fito da hoton ƙashi. Samaniya ma tana fitar da irinsa, daga wuraren da zafinsu ya kai miliyoyin digiri. Sai dai iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi, don haka mai son ganinsa dole ya aika na'ura sama.

Riccardo Giacconi da abokan aikinsa ne suka buɗe ƙofa a 1962, da wata roka da ta gano Scorpius X-1, wani wuri a samaniya mai fitar da wannan haske. Ranar 12 ga Disamba 1970 aka harba Uhuru daga gaɓar tekun Kenya, tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki.

Amma ni inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen madubi. Hasken da ke huda jikin mutum, wane madubi zai mayar da shi? In ya daki gilashi kai tsaye, nutsewa yake yi a ciki. Sai masana suka kwantar da madubin, hasken ya riƙa gogarsa ta gefe yana wucewa, kamar yadda yaro ke wurga sakaina ta goga ruwan gulbi ta yi tsalle. Na'urar Chandra, wadda Amurka ta harba a 1999, tana da madubai takwas masu siffar ganga, bibbiyu, an zura wasu cikin wasu, an shafe su da ƙarfen iridiyam. An goge su har gargadar da ta rage ba ta wuce kaurin 'yan ƙwayoyin zarra ba. Wannan aikin haƙuri ne, ba na mai gaggawa ba.

Da irin waɗannan na'urori aka ga iskar gas tana tafasa kafin ta afka baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya kuɓuta, kamar a Cygnus X-1. Aka kuma gano cewa gas mai zafi da ke cikin manyan tarukan galaksi, inda gungu-gungun taurari da yawa suka haɗu wuri ɗaya, ya fi taurarin duka nauyi.

Bayanan da Chandra ke tarawa ana sakin su kyauta a intanet. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Aliero, ku sauke su ku gwada hannunku.