Soso ko Wake? Nazarin Kwatanci da Zaɓin Aikatau a Bayanin Faladiyam da Haidirojin

A shekarar 1866 ne Thomas Graham, masanin sinadarai da ke aiki a Landan, ya gano cewa ƙarfen faladiyam yana ɗaukar iskar haidirojin mai yawan gaske. Awo ya nuna tana kaiwa kusan ninki 900 na girman ƙarfen. Masu bayyana kimiyya ga jama'a sukan kwatanta wannan ƙarfe da soso, kuma mai fassara zuwa Hausa zai ga kwatancin ya zo masa a sauƙaƙe, tunda babu gidan da ba a san soso ba.

Sai dai kwatancin yana da rauni. Ruwa yana shiga soso a yadda yake, ya cika ramuka, in an matse ya fito. Ita kuwa haidirojin tana zuwa ne a matsayin tagwayen ƙwayoyin zarra. Sai sun manne a fatar ƙarfen, sun rabu biyu, sannan kowace ta kutsa ciki ta zauna tsakanin ƙwayoyin faladiyam. Wajen fita ma dole su dawo fata su sake haɗuwa, kuma abin da ke fitar da su shi ne rage matsin iska ko ƙara zafi. Turanci da Faransanci sun raba mannewar waje da shigar ciki da kalmomi biyu waɗanda harafi ɗaya ya bambanta, wato b da d, shi ya sa ɗalibai ke rikita su. Hausa ta fi sauƙi a nan, domin "manne" da "shige" ba sa kama da juna. Fassarar da ta haɗa matakan biyu a cikin "tsotse" ta zubar da wannan gata.

Haka kuma a lura da "shanye". A tsarin Parsons, wannan aikatau ɗan aji na huɗu ne, mai nuna ƙarewar aiki gaba ɗaya. Wanda ya ji "ƙarfen ya shanye iskar" zai ɗauka babu saura, alhali faladiyam yana da iyaka: a yanayin ɗaki, kowace ƙwaya goma tasa tana riƙe ta haidirojin shida zuwa bakwai. "Sha" ko "ɗauka" ya fi gaskiya.

Wake da aka jiƙa ya fi soso kusa da lamarin, domin faladiyam yana kumbura da kusan kashi 10 cikin ɗari idan ya cika. Wannan kumburi ne ya sa matsin da ake bukata wajen shigar da iskar ya fi wanda take fita da shi, kuma yawan kumburi da motsewa yana tsattsaga ƙarfen. Dalilin da ya sa masu bincike suka koma ga ƙananan ƙwayoyi ke nan, masu girman nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Fatarsu tana da yawa idan aka gwada da cikinsu, saboda haka iskar tana shiga da fita da sauri. A 2014 ƙungiyar Hiroshi Kitagawa ta Jami'ar Kiyoto a Japan ta nuna cewa lulluɓe irin waɗannan ƙwayoyi da wani sinadari mai ramuka ya ninka abin da suke ɗauka sau biyu. Kwatancin soso ba zai iya bayyana dalilin wannan bincike ba ko kaɗan.

Inda aka fi yaudarar mai karatu shi ne adadin 900 ɗin nan. Gaskiya ne, amma awon girma ne. Ta fuskar nauyi, kilo ɗaya na faladiyam yana riƙe haidirojin giram shida kacal. Mota mai aiki da haidirojin irin Toyota Mirai tana ɗaukar kusan kilo biyar, wato za ta bukaci faladiyam fiye da kilo 800, ƙarfen da farashin oza ɗaya nasa ya wuce dala 3,000 a watan Maris na 2022. Don haka fassarar da ta kira shi "rumbun makamashi" ta yi alkawarin da masanan ba su yi ba. Su suna amfani da shi ne a matsayin abin gwaji don fahimtar wasu ƙarafa masu araha, da kuma wajen tace haidirojin da gano yoyonta.