Hukuncin Buhun Littattafai

[Sharhi: An juyo wannan matani daga ajami zuwa boko. Yana cikin kaye irin na ƴan lakwal, warƙa tara, an rubuta shi da bik, da hannun Magaribi irin na allo. Mai shi malamin zaure ne a Filinge, ƙasar Kurfai, kuma iyalinsa sun nemi a sakaya sunansa. An bar munka, sunka, anka, wanga da shina yadda ya rubuta su. Inda ya sa ha a gurbin fa, kamar Hilinge, an mayar da fa.]

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ka sani ya kai mai duba wagga takarda, an kawo mani shari'a wadda ba ta cikin babin da na saba, na yi hukunci, ƙanena ya yi fushi. Shi ya sa na ce bari in aje hujjata a rubuce, don wanda za shi zarge ni bayan raina shi san abin da na ji da kunnena.

Asalin maganar, yayanmu ya rasu ya bar ɗiya budurwa a hannun ƙanena. Wani mai hali daga Bonkuku, cikin Imanan, wanda ke ɗaukar dankali a mota zuwa Yamai, ya aiko neman ta, shina da mata biyu. Ƙanena ya amsa. Ita ta ce ba ta so. Da anka bincika ɗakinta sai anka iske littattafan Hausa na Kano cikin tsohon buhun shinkafa, sun kai talatin, irin waɗanda ƴan ci-rani ke shigowa da su. Ƙanena ya ɗauko buhun ya dire gabana ya ce, "Malam, ga abin da ya lalata ta. Ka sa baki in ƙone su. Ko Kano da anka rubuta su an ƙone."

[Sharhi: A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wannan ne ƙanen yake nufi.]

Na ce mashi ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin wanda anka kai ƙara. Ni ko ban iya boko ba. Sai na sa yarinyar ta riƙa zuwa bayan la'asar, ta zauna bakin zaure tana karanta mani, tun daga yankan hatsi har sanyi ya fita. Bakinta na lakwal ne, Faransanci ta koya, don haka takan yi tuntuɓe ga Hausar Kano, in kuma ta iske kalmar Ingilishi sai ta tsallake ta kamar kududdufi.

Abin da na fara tambayar kaina, shin ƙagaggen labari haramun ne don ƙagagge ne? In na ce i, to sai in fara da gafakata kafin buhunta. Shekara nawa ina karantar da Maƙamatul Hariri cikin wanga zaure, maƙama hamsin, alhali Abu Zaidin da ke cikinta bai taɓa taka ƙasa ba, kuma mayaudari ne mai cin dukiyar mutane da zaƙin baki. Hariri da kanshi ya kare kanshi a gabatarwa, ya kwatanta aikinshi da labaran da anka sa a bakin dabbobi, waɗanda ba a taɓa ɗora ma mai ba da su zunubi ba. Batun so kuwa, wanda ya karanta Imru'ul Ƙaisi gaban malaminshi bai da bakin cewa ambaton mace cikin takarda shi ne ɓarna. Mukan ce don lugga muke karantawa. Haka ne. Amma ban taɓa ganin almajirin da ya yi gyangyaɗi a wurin ba.

Munka kasa littattafan kashi biyu, na aljannu da yaƙi gefe guda, na soyayya gefe guda. Ƙanena ya ce na farkon tatsuniya ce, ba komai, na biyun su ne dafin. Ni ma da haka na ɗauka.

Ruwan Bagaja ya ba ni dariya har almajirai sunka leƙo. Ƙarfin littafin ga Malam Zurƙe shike, ruwan dalilin tafiya ne kawai. Garin da Alhaji Imam ya sauka duk sai ya iske shi, wanga shi ɗana ma wancan tarko, wancan shi rama, kuma na gane jinin Abu Zaidi a jikinsu su biyun. Da anka zo ƙarshe, aljannu sunka sa hannu, ruwan ya samu, sai na ji labarin ya huce kamar tuwon kwana. Wayon mutum ina iya auna shi, in ce nan ya yi daidai, nan ya yi wauta. Aljani bai da mudu. Abin da marubuci ya kasa warwarewa, shi ne ke miƙa mashi.

Ganɗoki ya taɓa ni ta inda ban zata ba. Farkonshi yaƙi ne da Nasara, da sunayen garuruwa na gaskiya, kuma mu nan Kurfai kakanninmu sun ba mu labarin isowar masu jan kunne, ko da yake namu na Faransa ne. Daga nan sai jarumin ya bar ƙasar Hausa ya faɗa ƙasashen aljannu shina ta cin nasara. Ɗiyata ta ce, "Baba, nan ne ya fi daɗi." Ni ko nan ne tausayi ya kama ni. Mutumin da bindiga ta kora daga ƙasarshi, ina marubuci za shi kai shi shi ci yaƙi, tunda masu bindigar su ne za su buga littafin? Sai inda ba gwamna ba kumandan. Wagga ƙarya na yafe ta, don ta wanda anka ci da yaƙi ce.

[Sharhi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara suna cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Sauran su ne Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Turawan Ingila sun ci Kwantagora da Bida a 1901.]

Na yaƙi na baya-bayan nan ba zan daɗe kansu ba. Takobi guda shi sare dubu, ga sarauniyar matsafa, ga birni ƙarƙashin teku. Jarumi shi yi wata uku cikin hamada, ba a taɓa faɗa mani inda ya shayar da dokinshi ba, kuma wanda ya ja guga a rijiyar tudu da rani ba shi mance wagga tambaya. Amma ƙaryarsu a fili take, kamar ta Gizo da Ƙoƙi. Ba yaron da ke tashi da safe shi je neman birnin teku. Ɓarnarsu ga pil ɗin tocila take.

Fasali. Na soyayya na shige su da ƙyama. Kuma da yawansu sun cancanci ƙyamar, ta fuskar aiki. Kowace yarinya fara ce, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. Rabin warƙa shi tafi wajen lissafin kujeru da labule da kalolin abinci. Samari na magana da kalmomin da ba mai faɗin su da rana tsaka. Labarin da za shi ƙare a littafi guda an yanka shi uku don a sayar sau uku. Cikin buhun akwai wajen ashirin da in anka karanta mani yau, gobe ba ni iya bambanta su.

Sai munka zo ga Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ƴaƴa tara, shina da rumfa a kasuwa amma cefanen gida sai ta yi dabara. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da ƴaƴanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Ban ji aljani ko guda a nan ba. Na san Rabi. Na san ta a Filinge, na san ta a Bonkuku, ta zauna bisa wagga tabarma ta yi kuka ba sau guda ba. Da rumfar Alhaji Abdu ta ƙone, ya tsiyace, manya sunka taru sunka matsa ma Rabi ta koma mashi, sai na ji raina ya ɓaci, na ce ma ɗiyata marubuciyar ta zalunci wagga mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ai haka ake yi." Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na ƙirga matan da ni da bakina na ce ma su yi haƙuri su koma don ƴaƴa, na kuwa ƙirga mazan da na taɓa ce ma su biya abin da sunka ci na haƙƙi kafin a koma. Lissafin bai yi mani daɗi ba. Marubuciyar ba ta zalunci Rabi ba, ta dai zaunar da ni cikin taron manyan in ga fuskata.

Wa Zai Auri Jahila? na wagga marubuciya ne ita ma. An cire Abu daga makaranta, anka ba Sarkin Noma, tsoho, ita ba ta so, ta gudu, daga baya ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar asibiti. Wanga shi ƙanena ya fi tsana, kuma na gane dalili. Amma da ya ce mani fitina ce ta zamani, sai na tuna mashi Jiki Magayi, inda mai dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, abin ya ƙare da jini. Littafin ya girme ni, ya girme shi.

[Sharhi: Littattafan biyu na Balaraba Ramat Yakubu ne, sun fito a 1990. An buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi a Indiya a 2012. Jiki Magayi na John Tafida ne tare da East.]

To ina dafin? Na same shi, amma ba inda anka nuna mani ba. Dubi yadda wahalar gidan Rabi ta sassauta: ɗiyarta Saudatu, mai kunya mai ladabi, wani Alhaji mai dukiya ya gan ta ya aure ta. Haka cikin mafi yawan buhun. In marubuci ya kai talaka bango, sai mota ta tsaya ƙofar gida. Alhaji mai mota shi ne aljanin littafin soyayya, aikinsu guda da wanda ya taimaki Alhaji Imam ya samo ruwa. Bambancin, aljanin Ruwan Bagaja kowa ya san ba shi zuwa. Wanga kuwa shina da hula da agogo da lambar waya, yarinyar ƙauye na iya zama tana jiran shi, ta raina saurayin da ke tafiya ci-rani da ƙafa shi dawo da jikka ashirin. Ƙaryar da ta sa rigar gaskiya ita nike tsoro.

Sai na duba shari'ar da ke gabana. Mota ta tsaya ƙofar gidanmu, da gaske. Wa ya gaskata da ita? Yarinyar da ta karanta littafi talatin ta ce ba ta so. Ƙanena da bai taɓa buɗe ko guda ba, shi ne ya ga aljani ya miƙa hannu.

Na kira shi na ce, laifin ba na so ba ne. Na buɗe mashi Risala, babin aure: uba ne kaɗai ke da ikon aurar da ɗiyarshi budurwa ba da izninta ba, wanda ba uba ba sai ta balaga ta yarda. Ubanta na kushewa. Kai baffa ne. Ba Kano ta ba ta wanga haƙƙi ba, Ibnu Abi Zaidin ya rubuta shi a Ƙairawan shekara dubu da sunka wuce, kuma a wanga zaure ka karanta shi gabana.

[Sharhi: Ajami ba ya raba wasalin o da u, duka rufu'a ce, kuma malamin yakan ƙara wawu ko a gajeren wasali. Don haka ana iya karanta jimlar "ba na so ba ne" ko "ba nasu ba ne", wato littattafan. An zaɓi ta farko, ta biyun ma ta zauna da ma'anar.]

Na mayar mata da buhunta, ban da littafi guda. In Da So Da Ƙauna ne, wanda ta fi so, har bangonshi ya mutu. Sumayya ɗiyar masu kuɗi ce, tana son Muhammadu talaka, kuma na yaba ma mai shi da ya juya motar ta fuskanci wani gefe. Amma da anka matsa mata auren wanda ba ta so sai ta faɗa rijiya, anka fid da ita da rai, daga baya ta samu muradinta. Nan na tsaya. Cikin littafi rijiya ƙofa ce. Rijiyoyinmu na tudu ba su mayar da abin da anka ba su, kuma ɗiyata tana cikin irin wagga matsuwa lokacin da take karanta mani wurin, muryarta ba ta ko rawa ba.

[Sharhi: Littafin na Ado Ahmad Gidan Dabino ne, ya fito a farkon shekarun 1990.]

Na sa shi ƙarƙashin Muhtasar cikin gafaka. Ta ce, "Baba, ko ka riƙe shi na san shi da ka." Na ce na sani, ki bar shi nan dai, in kina son shi ki zo ki karanta gabana. Ta zo sau biyu. Ƙanena kuwa tun ranar bai shigo zauren ba, a masallaci muke gaisawa, kuma mai dankalin ya aiko a mayar mashi da turmin atamfa huɗu da buhun sukari, sukarin an riga an sha rabi.

[Sharhi: Nan rubutun ya tsaya. Abin da ke bayan warƙar lissafin damman hatsi ne da aka ranta.]