Kafin a Huda Bango

"Alhaji, daga kujerar da kake zama zuwa bangon, taku nawa ne?" Da wannan tambayar gwanin haɗa talabijin yake buɗe aiki, tun ba a shiga kasuwa ba, tun ba a taɓo maganar kuɗi ba. Mai gida ya riga ya ƙudurta inci 65 zai saya, don irinta ya gani a falon abokinsa, sai ga yaro da jakar kayan aiki a kafaɗa yana tambayarsa faɗin ɗaki. Yaron nan, wanda unguwa ke kira injiniya ko da bai taɓa taka jami'a ba, abin da tela yake yi shi ma yake yi: awo tukuna, sannan yanka. Ni dai ina ganin girman wannan sana'a, kuma ina ganin an raina ta fiye da kima.

Incin da ake faɗa a karkace ake auna shi, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa. Mai inci 43 faɗinta wajen santimita 95 ne, mai 55 kuwa kusan 122. Hoton da ke fuskarta ƙananan ɗigo ne a jere. Wadda aka rubuta wa Full HD tana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai; 4K ta ninka wannan sau huɗu, 3840 da 2160. Da yawa daga cikin masu inci 32 da suka cika kasuwa 1366 da 768 kawai gare su. To amma ido yana da iyaka. Wanda ya zauna mita 3 daga mai inci 43 ba zai bambanta 4K da Full HD ba, ko da zai rantse ya gani, domin ɗigon sun yi masa ƙanƙanta daga can. Wanda kuma ya cusa inci 65 a ɗakin da in ya miƙe ƙafa sai ta kusa taɓa bango, duk aibin hoton a idonsa zai ƙare, ga wuya na ta juyi wajen bin ƙwallo. Shi ya sa za ka ji gwanin ya ce wa wani ya ƙara girma, wani kuma ya ce masa ya rage, ya zuba sauran kuɗin a abin da zai kare ta daga wutar NEPA.

A shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, ko na Alaba a Legas, talabijin bango guda suke a jere, kowace tana ɗaukar ido. Don shago aka saita su. Haske a ƙure, launi a ƙure, ana ta nuna furanni da tsuntsayen da aka ɗauka musamman don su burge mai wucewa. Gwanin ba ya bi ta kan tsuntsayen. Sai ya zaro filas daga aljihu ya soka, ya buɗe hotuna biyar da babu komai a cikinsu sai launi zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. A kan farin ne mataccen ɗigo yake tona kansa, ko wani duhu-duhu a inda fitilar bayan gilashin ta soma rauni. A kan baƙin kuma ake ganin haske yana tsiyayowa ta kusurwoyi. Daga nan ya koma gefe ya leƙa, ya tsuguna ya kalla daga ƙasa, saboda a falonmu ba mutum ɗaya ke kallo ba. Yara na kan kafet, baƙo na kujerar gefe, kuma akwai gilashin da launinsa ke koɗewa da zarar an kauce daga tsakiya. Sai ya juya bayanta ya ƙirga ramukan HDMI, ya karanta wat nawa take ci, wanda ga mai sola da inbata ya fi sunan kamfani muhimmanci. Sunan ma ba ya yarda da wanda aka manna a goshinta. Yakan kunna ya ga tambarin da zai fito, ya shiga cikin saiti ya gwada lambar da ke can da wadda ke jikin kwali. In farashi ya faɗi ƙasa warwas, ya san araha ba ta ado.

Ta hannu kuwa, wadda aka shigo da ita daga waje, tambayarsa ɗaya ce: daga wace ƙasa? Wadda aka yi wa kasuwar Amurka mai yiwuwa wutar bolt 120 kawai ta sani, tamu kuwa 230 ce. Na'urar kama tashar da ke cikinta ma ta tsarin can ce, ba za ta kama tsarin DVB-T2 da Najeriya ta ɗauka ba, wanda aka fara ƙaddamarwa a Jos a 2016. Sai dai a haɗa ta da dikoda.

A tsaye ake ɗauko ta cikin kwalinta, ko a Adaidaita Sahu ne. In aka kwantar da ita, rami ɗaya a titi ya isa ya tsaga gilashin.

Rigimar gaske a bango take. Kusan kowa so yake a rataye ta can sama kusa da silin, don yara, don kuma mai shigowa ya gani. Gwanin sai ya ce, "Hajiya, don Allah zauna inda kika saba zama." Ta zauna, ya sa alama da fensir daidai tsayin idonta, nan tsakiyar fuskar za ta kasance. In gidan masu zaman ƙasa ne ya ƙara saukarwa, in dole sai an ɗaga saboda ƙananan yara ya sa ƙarfen da ke sunkuyar da ita. Bangon da ke fuskantar taga yakan guje shi, don da rana labule da tsakar gida za ka yi ta gani a cikin fim. Sannan ya ƙwanƙwasa bangon da bayan sukundireba yana saurare. Bulo mai rami ƙararsa daban, kuma notin da ya faɗa cikin ramin iska kawai ya riƙe. Ginin ƙasa da aka shafe da siminti ya fi wannan yaudara: yau ya riƙe, bayan damina biyu ya saki. A irin wannan bango na fi ganin ƙimar wanda zai ce a nemo tebur a kan wanda zai huda ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ramuka huɗun da ke bayan talabijin tazararsu a ƙa'ide take, kamar milimita 200 da 200 ko 400 da 400, amma tsawon notin sai an kula, domin wanda ya zarce yana iya taɓa kayan ciki. Yana kuma barin 'yar tazara ta shan iska, saboda zafin bazara ba ya raga wa kayan lantarki.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni takaici a gidajen mutane. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwa a kan 4K, sannan ya haɗa ta da dikoda da tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Rawayar ita ke ɗauke da hoto, kuma iyakar abin da take iya ɗauka layi 576 ne, irin na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi. Sai sabuwar ta miƙar da wannan ɗan hoton a kan ɗigo miliyan 8, fuskokin 'yan wasan Daɗin Kowa su yi dishi-dishi, mai gida ya ce an cuce shi a kasuwa. Ba a cuce shi ba. Gwanin zai cire ta ya sa HDMI, ya shiga saitin dikodar ya ɗaga abin da take fitarwa zuwa 1080, ya gyara fasalin hoton zuwa 16:9 don kada mutane su zama gajeru masu faɗi. Kuma zai faɗa maka gaskiyar da mai shago ya haɗiye: tashar da ba ta watsa HD ba, babu talabijin ɗin da za ta mayar da ita HD. Wayar HDMI mai tsada ma ba ta ƙara wa hoto kyau. In gajeriya ce kuma lafiyayya, mai sauƙin kuɗi ta wadatar.

Daga nan sai rimot. Ya fitar da ita daga saitin shago zuwa na gida, ya sauke launin da ya sa fatar mutane ta koma ja, ya rage kaifin da ke zana farin layi a gefen komai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne rage fitilar baya. Abin da muke kira filasma a yau kusan duk gilashin LCD ne da jerin fitilun LED a bayansa, don ainihin filasma Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ta tun 2014. Fitilun nan in aka bar su a ƙure dare da rana su ne kan fara mutuwa, kuma su ne ke shan mafi yawan wutar. Wanda ya rage su ya ƙara wa talabijin kwana, ya kuma ƙara wa batirin sola awanni.

Kafa dish shi ne inda nake tsayawa in yi kallo. Tauraron ɗan Adam ɗin da ake nema yana nisan kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya, yana zagayawa daidai da juyin ƙasa, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a sama. Babu mai ganinsa. Amma injiniya yana hawa kwano zai juya farantin gabas ya ɗan karkata kudu in DStv ake so, wadda ke saukowa daga digiri 36 gabas, ko ya juya kudu maso yamma in Nilesat ce da ke digiri 7 yamma. Sauran aikin na haƙuri ne. Ƙaramar mitar da ke rataye a wuyansa tana kuka, ko kuma yaronsa na ƙasa gaban talabijin yana ɗaga murya: "Arba'in! Hamsin da biyar! Ya sauka, Oga, koma baya kaɗan!" Shi kuwa da yatsu biyu yake turawa, motsin da daga ƙasa ba za ka ce an yi ba, saboda kaucewar digiri ɗaya ko biyu ta isa ta ɓatar da tashar. Layi biyu ne ke fitowa a allo, na ƙarfi da na inganci. Sabon shiga yana ganin na ƙarfi ya cika sai ya hau murna, alhali wannan kan cika ko da farantin bangon maƙwabci yake kallo. Na inganci shi ne magana. In ya samu, sai ya murɗa LNB da ke bakin farantin kaɗan-kaɗan har lambar ta ƙi ƙaruwa, sannan ya ɗaure notuna bi da bi yana duban mita, don ɗaurin kansa yana iya janye farantin. Ba ya tsayawa a inda hoto ya fara fitowa. Yana neman rarar da za ta jure hadarin Agusta, domin ruwan sama mai ƙarfi yana cinye irin wannan sigina.

Kan wayar dish ɗin ma aiki ne. Ya feƙe ta a tsanake, ya tabbatar ko silin ƙarfe ɗaya daga saƙar waje bai taɓa jan ƙarfen tsakiya ba, saboda ta cikin wayar nan dikoda ke aika wa LNB wutar bolt 13 ko 18, kuma sili ɗaya ya isa ya kashe komai. Ya naɗe mahaɗar da tef, ya lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje.

Wuta ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi kashe talabijin a ƙasar nan. Yawancin sababbi suna jure wutar da ta yi ƙasa, har daga 100 zuwa 240 aka rubuta a bayan da yawansu. Abin tsoro shi ne tsallen da take yi lokacin da aka dawo da ita, ko sa'ad da ake sauyawa zuwa janareta. Don haka yake sa ɗan akwatin kariya da ke jinkirta wutar kafin ya sake ta, ya kuma gargaɗi mutanen gida cewa in ana tsawa a zare filogi da wayar dish duka biyun. Ƙurar hunturu a share ta da tattausan ƙyalle busasshe, kada a fesa wa gilashin ruwa ya gangara ciki.

Ranar da aka kira shi aka ce murya na fita amma hoto ya ɗauke, ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya kunna fitilar wayarsa ya manna ta kusa da gilashin. In ya hango inuwar hoton tana motsi a ciki, gilashin lafiya lau yake, fitilun baya ne ko abin da ke ba su wuta, kuma ana sauya su da kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. In kuwa gilashin ne ya tsage, zai ce maka kada ka wahalar da kanka, kuɗin wani gilashin ya kusa sayen wata talabijin ɗin.