3.4 SHARHI KAN NAZARIN LIANG DA DACEWARSA DA ƘASAR ZURU

Kamar yadda aka nuna a baya, Joseph Mitola ne ya fito da tunanin rediyo mai wayo a shekarar 1999. Manufarsa ita ce na'ura ta riƙa saurarar zangon iska da kanta, idan ta tarar mai lasisi ba ya amfani da zangonsa sai ta ara ta tura saƙo, da zarar ya dawo kuma ta kauce masa. Ke nan mai lasisi shi ne maigida, ita kuwa na'urar baƙuwa ce.

A shekarar 2008 Ying-Chang Liang da abokan aikinsa uku suka yi nazarin wata matsala da ke tattare da wannan tsari, wato yadda za a raba lokaci tsakanin saurare da tura saƙo. Idan na'ura ta daɗe tana saurare, lokacin tura saƙo zai ragu. Idan kuwa ta gaggauta, za ta riƙa zaton maigida na nan alhali ba ya nan, sai ta yi shiru a banza. Sun gwada zango mai faɗin megahaz 6, suka yanka lokaci gida-gida na milisakan 100, ƙarfin siginar maigida kuma kashi ɗaya cikin ɗari na hayaniyar da ke kewaye da ita. Sakamakonsu ya nuna cewa milisakan 14.2 ne lokacin saurare mafi dacewa, muddin ana son a gano maigida sau 90 cikin 100.

Babu shakka wannan aiki ya yi armashi, domin ya mayar da muhawara ta baki zuwa lissafin da kowa zai iya bi. Sai dai kuma ɗaukar sakamakon a ɗora shi kan wuri irin ƙasar Zuru yana da rauni ta fuskoki uku.

Na farko, faɗin megahaz 6 tsarin talbijin na Amurka ne. A Nijeriya tashar talbijin ta zangon UHF megahaz 8 take ci, saboda haka dole a sake lissafin.

Na biyu, nazarin ya ɗauka cewa na'ura ta san ƙarfin hayaniya daidai. A shekarar 2008 ɗin dai, Tandra da Sahai sun nuna cewa idan akwai ko ɗan kokwanto kan ƙarfin hayaniya, akwai iyakar da na'ura mai auna ƙarfin sigina ba za ta ji abin da ke ƙasa da ita ba, kome daɗewar saurarenta. Hayaniya kuwa tana sauyawa da zafin na'ura da tartsatsin injuna irin su janareta da babura.

Na uku, ƙasar Zuru tana da duwatsu da tuddai. Na'urar da ke bayan dutse tana iya kasa jin tashar talbijin, ta ɗauka zangon fanko ne, ta shiga ta ɓata hoton masu kallo a ɗaya gefen. Maganin da Liang ya kawo shi ne na'urori da yawa su yi saurare tare, amma wannan ƙarin kuɗi ne ga ƙauyukan Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu da ke warwatse.

Abin lura kuma shi ne, tashar talbijin ba ta yawo. Wurinta da zangonta sanannu ne. Wannan ne ya sa a shekarar 2010 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta cire wajabcin saurare ga na'urorin da ke duba rumbun bayanan tashoshi gwargwadon inda suke. Bisa ga haka, abin da ya fi dacewa da Zuru shi ne hukumomin NBC da NCC su tanadi cikakken rumbun bayanai na tashoshin yankin, saurare ya zama mataimaki kawai. Ta haka lokacin da ake kashewa wajen saurare, wanda ya haura kashi 14 cikin 100 a lissafin Liang, zai koma ga ɗaukar saƙon ɗalibai da manoma masu neman intanet.