Jinjina ga Manazarta Adabin Hausa

Garin Ɗan Issa a Nijar na kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, kuma littattafan Hausa na Kano da Zariya sun daɗe suna tsallako iyaka tare da 'yan kasuwa. Karanta su ba wuya. Sanin zamanin da ya haife su ne aikin manazarta, malaman da suka cancanci jinjina.

Su ne suka nuna mana cewa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin mulkin Ingila. Malami zai buɗe Shaihu Umar, ya ɗora yatsa a taswira, ya bi da ɗalibai hanyar fataucin bayi ta Sahara.

Takwarorinsu na Indonesiya ma haka suke yi da Sitti Nurbaya, labarin auren dole da Balai Pustaka, maɗaba'ar gwamnatin mulkin mallakar Holan, ta buga a 1922.

Tunda Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, aikin manazarta ya ƙaru. Malamai, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.